Me ya sa ake biyan ƙarin kuɗi don a tsufar da sabuwar jita?

A watan Oktoban 2024, gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da wata jita ƙirar Fender Stratocaster ta shekarar 1961 a kan fam 889,400. Wanda bai san labarinta ba zai ɗauka daga juji aka tsinto ta, domin fentin jikinta ya kusa ƙarewa, katakon ya yi duhu, ƙarafunan sun dusashe. Jitar Rory Gallagher ce, makaɗin ƙasar Ayilan wanda ya saye ta ta hannu a kan fam 100 a birnin Cork a 1963, ya kuma riƙa kaɗa ta har rasuwarsa a 1995. Gumi da gogayya na shekara 32 ne suka cinye fentin.

Tun kafin wannan gwanjo, kamfanin Fender ya daɗe yana ƙera kwafinta. Sabuwa ce fil daga masana'anta, amma an kankare fentinta a daidai wuraren da na asalin ya kankare, ana kuma sayar da ita dubban daloli. Akasarin masu sayen irin wannan kaya mutane ne masu wata sana'ar daban, waɗanda ke kaɗa jita a gida don nishaɗi. Kasuwa ce da ta mayar da tsufa haja, kuma tasirinta ya wuce shagunan kayan kiɗa na Amurka da Turai, ya taɓa dazuzzukan Madagaska da Kamaru.

Yadda tsohuwar jita ta zama dukiya

Jitar da aka fi nema a yau ita ce Gibson Les Paul Standard da aka ƙera daga 1958 zuwa 1960. An ƙiyasta cewa kimanin 1,700 kawai aka yi, kuma a 1959 farashinta dala 265 ne. Ba ta yi kasuwa ba a lokacin, shi ya sa kamfanin ya daina yin ta. Sai a tsakiyar shekarun 1960 matasan makaɗa irin su Keith Richards da Eric Clapton a Ingila, da Mike Bloomfield a Amurka, suka fara kaɗa ta. Masoyansu suka shiga nemanta, ga shi kuma babu sabuwa a shago. A yau ana sayar da guda ɗaya a kan ɗaruruwan dubban daloli.

Labarin Fender ya bi wata hanya. A Janairun 1965, Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin yaɗa labarai na CBS a kan dala miliyan 13. Sabbin masu shi suka ƙara yawan abin da ake ƙerawa, suka sauya wasu sassa da irin fentin da ake amfani da shi. Makaɗa da dama suka yi ƙorafin cewa inganci ya ragu, daga nan duk jitar da aka yi kafin zuwan CBS ta samu daraja ta musamman.

Gidajen gwanjo ne suka ƙarasa aikin. A 2004 an sayar da Blackie, jitar Clapton, a kan dala 959,500. A 2019 baƙar Stratocaster ta David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd ta kai dala miliyan 3.975. Shekara guda bayan haka, jitar Martin da Kurt Cobain ya kaɗa a wani shirin talabijin na MTV ta haura dala miliyan 6. A dukkan waɗannan, sunan wanda ya riƙe jitar ne ya ɗaga farashin.

Masana'antar tsufa

Tsofaffin jitoci ba sa ƙaruwa, masu sonsu kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Fender ne ya fara cike wannan giɓi a hukumance. A baje kolin kayan kiɗa na NAMM na Janairun 1995, sashensa na ƙira ta musamman, Custom Shop, ya nuna jitoci sababbi da aka tsufar da gangan, ya raɗa musu suna Relic. A shekarun farko wani magyari mai suna Vince Cunetto ne ke yin aikin tsufarwar a jihar Missouri, kafin kamfanin ya mayar da shi masana'antarsa a 1999. A 2009 ya fito da Road Worn, samfuri mai rangwamen kuɗi da ake yi a Meziko. Gibson ma ya buɗe nasa sashen, Murphy Lab, wanda tun 2021 yake bai wa mai saye zaɓin matakai huɗu na tsufa, daga ɗan dusashewa zuwa jitar da ta yi kama da wadda ta shekara 60 a kan hanya. Gwargwadon ɓarnar da aka yi wa fenti, gwargwadon tsadar jitar.

Sirrin aikin yana cikin fenti. A shekarun 1950 ana fesa wa jita wani siririn fenti mai sheƙi na sinadarin naitiro, irin wanda ake fesa wa motoci a zamanin. Yana yin rawaya idan ya daɗe, yana tsattsagewa idan aka fitar da shi daga sanyi zuwa zafi, gumi kuma yana cin sa. Fentin roba da ya maye gurbinsa daga ƙarshen shekarun 1960 ya fi shi ƙarko nesa ba kusa ba, don haka jitar zamani takan shekara 30 tana ƙyalli. Masu tsufarwa sai suka koma wa tsohon fentin, suna hanzarta abin da lokaci kan yi a hankali. Wasu na sanya jikin jitar a firiza su fito da shi cikin zafi don fentin ya tsage, wasu na zana tsagar da reza layi bayan layi. Ana goge wurin da hannu ke sauka da samfefa, a bubbuga gefe da makullai, a turara ƙarafuna da tururin asid har su yi tsatsa, a rina farar roba ta koma ruwan ƙasa.

Abin da ake kwaikwayo a da aibi ne. Jan rinin da Gibson ya yi amfani da shi a 1959 yana koɗewa idan rana ta doke shi, har kamfanin ya sauya shi a 1960. Wannan koɗewar ce masu tara jitoci ke yabawa a yau, ita ce kuma ake biyan ƙwararru su maimaita.

Su wane ne masu saye?

Ginshiƙin kasuwar su ne waɗanda suka tashi da kiɗan shekarun 1960 da 1970, suka kuma samu abin hannu bayan sun manyanta. A tsakanin makaɗa har akwai laƙabin zolaya da ake yi musu, mai nufin lauyan da ke kaɗa salon bulus a ƙarshen mako. Kamfanoni sun san darajarsu. Andy Mooney, lokacin da yake shugabantar Fender, ya sha bayyana cewa kashi 90 cikin 100 na masu fara koyon jita suna dainawa a shekarar farko, ragowar kuma kan sayi jitoci da dama a tsawon rayuwarsu. Wanda ya mallaki jita huɗu ba ya buƙatar ta biyar don ya yi kiɗa, sai an ba shi wani dalili, kuma tarihi dalili ne mai ƙarfi. A 2006 Fender ya ƙera kwafin Blackie guda 275, har da tabon ƙunar sigari da ke kan ta asalin, ya sa wa kowace dala 24,000, aka kuma saye su nan da nan.

Masu sha'awar suna da hujjojinsu. Suna cewa wuyan jita da aka goge ya fi daɗin riƙo, ba ya manne wa tafin hannu. Suna cewa wanda ya sayi jita mai tabo ba ya fargabar tabo na farko, don haka ya fi sakin jiki da ita. Ƙwararru ma kan bar ta asalin a gida su fita yawon wasa da kwafi, gudun sata ko karyewa. Masu suka kuwa suna ganin abin tamkar kanta ce a hannun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Matashin da ya taɓa biyan ƙarin kuɗi don wandon jins mai yage-yage ya san ɓangarorin wannan gardama biyu.

Shin da tsohuwar zuma ake magani?

Babbar da'awar kasuwar ita ce tsohon katako ya fi daɗin amo. Gwaje-gwajen da aka yi ba su goyi bayanta sosai ba. A wani bincike da Claudia Fritz da abokan aikinta suka wallafa a 2014, an bai wa fitattun makaɗan gogen Turawa 10 goge 12, shida tsofaffi na Italiya, shida sababbi, an kuma sa musu tabarau mai duhu don kada su gane su. Shida daga cikin makaɗan suka zaɓi sabo, kuma ba su iya bambance tsoho da sabo fiye da yadda mai canki-canka zai yi ba. A 2018 masu bincike na Jami'ar Lancaster a Ingila suka gwada jitoci shida marasa lantarki, iri ɗaya a komai sai katakon baya da gefe. Makaɗa 52 da suka kaɗa su cikin duhu sun ba su maki kusan ɗaya, daga katako mafi tsada har mafi araha.

A jitar lantarki kuwa, na'urar maganaɗisu ce ke ɗaukar motsin tsirkiya ta aika wa na'urar ƙara sauti. Tsatsar ƙusa da tsagar fenti ba su da hannu a wannan tafiya.

Inda wasa ke zama zamba

Jitar Relic ba yaudara ba ce, tunda kamfani ya faɗi abin da ita ce, ya kuma sa mata lamba da takardar shaida. Matsalar ita ce dabarun da suka sa kwafi ya yi kama da na asali suna hannun kowa. Ana haɗa tsohon wuya da sabon jiki, ko a sake fentin jita a tsufar da shi a sayar a matsayin wadda ba a taɓa ba, alhali sake fenti kaɗai kan rage darajar tsohuwar jita da kusan rabi. Masu tantancewa kan kwance jita su duba kwanan wata a gindin wuya da lambobin na'urorin ciki, su kuma haska fentin da fitila mai haske na musamman. Jabun sababbi ma sun yi yawa: a Nuwamban 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18.

Abin da daji ke biya

Mai son jita irin ta 1959 yana son katako irin na 1959, kuma a nan ne sha'awa ta haɗu da siyasa. Jan katakon Birazil da ake shimfiɗawa a wuyan tsofaffin jitoci ya shiga jerin farko na yarjejeniyar CITES, mai kare namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, tun 1992, abin da ya kusa rufe cinikinsa tsakanin ƙasashe. Masu ƙira suka karkata zuwa Indiya da Madagaska da Afirka ta Tsakiya.

A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka suka kai samame masana'antun Gibson a jihar Tennessee, ƙarƙashin dokar Lacey wadda aka faɗaɗa a 2008 ta haramta shigo da katakon da aka sare ba bisa ƙa'idar ƙasarsa ba. A 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000, ya kuma haƙura da katakon Madagaska da aka ƙwace. Da aka mayar masa da na Indiya, sai ya ƙera jitoci da shi a ƙarƙashin sunan Government Series. Samamen ma ya zama labarin sayarwa.

A Kamaru, kamfanin Taylor ya shiga hannun jari a masana'antar yanka katako ta Crelicam da ke Yawunde a 2011. Ana sarrafa eboni a can, baƙin katakon da ke dangi ɗaya da kanya. Bob Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya bayyana cewa masu sara sun shaida masa sukan kayar da kimanin bishiya 10 kafin su samu guda mai baƙi wuluk, sauran a bar su su ruɓe a daji, domin kasuwa ta saba da launin tsofaffin kayan kiɗa. Daga nan ya fara sayen mai ratsi-ratsi yana sa shi a jitocinsa masu tsada.

Masana'antar jita ƙaramin kaso take ci na wannan katako idan aka kwatanta da masu kujeru da gadaje na alfarma a Sin. Su ne suka kwashe madobiyar Taraba, wadda ta shiga jeri na biyu na CITES a Janairun 2017, rana ɗaya da sauran dangin jan katakon Birazil. Bambancin yana wajen ƙarfin murya. Kamfanonin kayan kiɗa sun yi ta kamun ƙafa har taron CITES na 2019 a Jeniba ya cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga ƙa'idar, ban da na katakon Birazil. Ƙauyukan da aka sare wa daji ba su da wakilai irin waɗannan.

A Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa da a yau ke cika zauruka a Amurka da Turai, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa kuma ta katin ajiya na wayar salula suka fara yaɗuwa a Sahel. Jitar Gallagher ma kayan aiki ce da wani matashi ya saya don ita ya samu a shagon garinsu. Bayan gwanjon Landan, waɗanda suka saye ta sun sanar da miƙa ta ga gidan tarihi na ƙasar Ayilan. Can za ta zauna ana kallo, yayin da ake ci gaba da kankare sababbi don su yi kama da ita.