Bakin da Ƙwayar Zazzaɓi ke Ci da Shi

Tun daga shekarar 1925, sa'ad da aka gama gina madatsar Sinnar aka saki ruwan Bahar Azraƙ cikin tur'o'in Jazira domin noman auduga, sauro ya sami mazauni na dindindin a wannan yanki na ƙasar Sudan. Kuma 'yan'uwanmu Hausawa, waɗanda kakanninsu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye su suka zama ma'aikatan hawasha, watau gonakin Jazira, sun san zazzaɓin damina kamar yadda suka san tafin hannunsu. Abin da nake nufin bayyanawa a nan wani al'amari ne mai matuƙar ƙanƙanta, wanda ido ba ya gani, alhali kuwa a kansa warkewar yaro a garin Mai Wurno take rataye.

Kowace ƙwayar halitta da Allah Ya gina jiki da ita tana lulluɓe da wani tantani na maiƙo, mai sirantakar da sai an jera dubbansa kafin su kai kaurin gashi guda. Kuma da yake ba ta da baki irin namu, idan ta bukaci waɗansu nau'o'in abinci sai tantanin nan ya lotsa ciki, ya zama aljihu, a shaƙe wuyan aljihun, ya tsinke ya faɗa ciki da abin da ya ƙunsa. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta ɗora kuɗinta a gefen zane, ta tura da yatsa, ta murɗe, ta ƙulle, to, ya ga misalin wannan haɗiya. Abin ta'ajibi, a cikin ƙwan sauro aka fara ganin waɗannan aljifai sosai, a 1964, lokacin da malamai biyu a Amurka, Roth da Porter, suka lura da wata riga mai kaushi a bayansu. Bayan shekara goma sha ɗaya Barbara Pearse ta Kambirij a Ingila ta tace furotin ɗin da ke yin rigar, wanda aka sa wa suna kilatirin: ƙafa uku gare shi, kuma idan suka sarƙu da juna sai su zama kamar kwandon da masaƙi ya saƙa. Wani furotin kuma, dainamin, shi ke naɗe wuyan ya yanke shi.

Malaman wannan fanni sun daɗe suna jayayya a kan mas'ala guda: shin kwandon ne ke lanƙwasa tantani, ko kuwa tantanin ne ke fara lanƙwasa sa'an nan furotin ya taru a wurin? A ganina hujja ta fi ƙarfi ga masu cewa kowane yana jawo ɗan'uwansa, domin an sami waɗansu furotin masu siffar jinjirin wata, waɗanda suka fi son manne wa wurin da ya riga ya ɗan karkata, kuma da zarar sun manne sai su ƙara masa karkata, ƙarin karkatar ya kirawo waɗansu, har aljihu ya kammala.

To, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, bayan ta shige cikin jar ƙwayar jini, da irin wannan aljihu take haɗiyar jan sinadarin jinin, har takan cinye fiye da rabinsa, ko da yake ita ba ta aiki da kwandon kilatirin a nan. Wuyan nata aljihun wani zobe ne ke kewaye da shi, mai ɗauke da furotin da ake kira Kelch13. Maganin atimisinin kuwa, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace daga wata ciyawa a 1972, wanda kuma Sudan ta koma gare shi a 2004 bayan kulorokin ya gaza, ba ya yin tasiri sai ya haɗu da ƙarfen da ke fita daga jinin da ƙwayar ta narkar. Watau cinta shi ne ajalinta. A 2020 malaman wata cibiya a Hambug ta Jamus suka nuna cewa idan Kelch13 ya sami wani canji, ƙwayar takan rage haɗiya a farkon rayuwarta, ƙarfen ya yi kaɗan, maganin ya wuce bai gama da ita ba. An fara ganin wannan jinkirin warkewa a Kambodiya, yanzu kuwa an tabbatar da shi a Ruwanda da Uganda da Iritiriya, wadda ke maƙwabtaka da Kasala ta Sudan.

Saboda haka ne zuciyata ke tashi idan na tuna uwar da ta ga jikin ɗanta ya yi sanyi a rana ta biyu, ta yi hamdala, ta ƙulle sauran ƙwayoyin maganin a gefen mayafi domin wata rana. Maganin da ake bayarwa yanzu, Coartem, sha shida ne cikin kwana uku, kuma magani biyu ne a haɗe: na farkon, dangin atimisinin, yakan bar jini cikin 'yan sa'o'i, na biyun kuwa, lumefantirin, yana daɗewa kwanaki, kuma shi ne ke tarar da ƙwayar da ta ƙi ci da farko, sa'ad da ta girma ta buɗe baki.