Wata mata ta yi canjaras da zakaran duniya

Akwai wani wasa da ake kira darar Turawa. Mutum biyu ke yin shi bisa allo mai gida 64. Kowa yana da ƴaƴa 16, cikinsu har da sarki guda. Wanda ya rutsa sarkin abokin wasanshi, ya hana mishi hanyar gudu, shi ya ci.

Cikin watan Disamba na shekara 2015 an yi babbar gasa ta wannan wasa a Doha, babban birnin ƙasar Katar. Ba gasar zakaru kaɗai ba ce. An buɗe ƙofa, manya da matsakaita suka shiga fili guda. Kowa zai yi wasa 9.

Kowane ɗan wasa yana da lamba mai nuna ƙarfinshi. In ya ci, lamba ta hau. In aka ci shi, ta sauka. Magnus Carlsen, mutumin ƙasar Norwe, shi ne zakaran duniya a lokacin, lambarshi 2834. Ranar farko aka haɗa shi da wata mata, Nino Batsiashvili, ƴar ƙasar Jojiya. Lambarta ba ta kai 2500 ba. Ba wanda ya yi zaton za ta sha.

Amma ta tsaya. Carlsen ya nemi hanya, bai samu ba. Aka tashi canjaras.

A wannan wasa, wanda ya ci yana samun maki 1. In an yi canjaras sai a raba, kowa rabi. To, rabon daidai ne a takarda, amma ba daidai ba ne a zuciya. Ku duba sabon ɗan kokowa da ya kama da gwanin gwanaye, har lokaci ya ƙare ba a kada shi ba. Wa za a yi wa guɗa? Haka lissafin lamba yake: ta Carlsen ta ragu kaɗan, ta Nino ta ƙaru.

Wannan rabin maki ya kusa ja wa Carlsen asara. Da aka gama, yana da maki 7, Yu Yangyi na ƙasar Sin ma 7. Sai da suka yi wasan raba gardama, Carlsen ya ci, ya ɗauki gasar.

Ita kuwa Nino, a 2018 ta samu muƙamin babbar gwana, wanda ya fi kowane girma a wasan.