Mai Zuwa Gadabeji Ya Tafi Da Bargonsa

Tun da hotunan raƙuman dawa na Gadabeji suka fara yawo a wayoyi, samarin Wurno da Goronyo ke ta maganar haɗa kuɗin mota su je su gane wa idonsu. Dajin na yankin Dakoro ne a jihar Maraɗi. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma a 2018 aka kwaso raƙuman dawa takwas daga Kure, kusa da Yamai, aka sake su a cikinsa bayan shekaru masu yawa babu ko ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi a hirar shi ne yadda kowa ke cewa, "Ai bakin hamada ne, zafi kawai za a sha." Zafin rana kam akwai shi. Amma wanda ya kwana can a watan Janairu da 'yar shara, kafin asuba haƙoransa za su riƙa kaɗawa.

Dalilin yana cikin iska. Ƙasa takan sha rana yini guda, da dare kuma ta amayar da zafin sama. Idan iskar na ɗauke da laima, ko akwai hadari, sai ta tare zafin ta maido shi ƙasa, kamar murfi a kan tukunyar tuwo. Shi ya sa daren damina a bakin madatsar Goronyo mutum ke kwana cikin gumi. Iskar hunturu kuwa busasshiya ce ƙayau, tukunyar a buɗe take, ga shi rairayi ba ya riƙe zafi sai a samansa. Rana na faɗuwa, komai ya huce. Can arewa, a duwatsun Azbin, sanyin kan kai ga ruwa ya daskare.

Duk da haka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya, sai dai hazo kan rufe nesa a wasu ranakun. Bazara ba ta baƙo ba ce: ma'aunin zafi kan haura 40, kuma da yake iska na busar da gumi nan take, mutum ba ya sanin ruwan jikinsa na ƙarewa sai kansa ya fara sarawa. Da damina daji ya yi kore shar, amma hanya kan riƙe mota. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, a shiga da izinin jami'an gandun daji da ɗan jagora, a kuma tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi.

Abin takaicin, sai mun ƙetare iyaka kafin yaranmu su ga namun daji. Ga Gundumi nan kusa da mu, daji ne da hukuma ta keɓe tun da daɗewa, amma yau idan an ambaci sunansa, 'yan bindiga ne ke fara zuwa ran direban da zai bi hanyar Isa.