Kwamfuta ta iso makaranta, mai gyara na Ƙonni: gurbin da ke jiran matasan Bazaga

A makarantun karkara na jihar Tahoua, ranar da aka kawo kwamfuta ko farantin sola rana ce ta biki. Ranar da na'urar ta ƙi tashi kuwa, sai a lulluɓe ta da zane a ajiye a ofishin darakta, ana jiran wanda zai shiga Birnin Ƙonni ya tafi da ita wurin mai gyara. Jiran kan cinye zangon karatu guda.

Bazaga ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Ƙonni, kusa da iyakar Najeriya. Irin waɗannan garuruwa ne shirin "ƙauyuka na zamani" na hukumar ANSI ya nufa, shirin da Bankin Duniya ya amince ya zuba wa dala miliyan 100 a 2020 don kai layin waya da intanet karkara. Nijar na kuma cikin shirin Giga na UNICEF da ITU, mai neman haɗa makarantu da intanet, sannan a 2025 Starlink ya fara aiki a ƙasar. Kaya dai suna tafe. Abin da ba a cika jin maganarsa ba shi ne wanda zai riƙa kula da su bayan motar baƙi ta juya.

Matashin da ya fara koyon wannan aiki a makaranta, makonsa na farko ba ya kama da abin da ya zata. Da buroshi da tsumma zai fara. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, sai ya ƙarasa ta. Farantin sola da ƙura ta rufe yana rage wutar da yake bayarwa, batirin da ake zuƙewa har ƙarshe kullum kuma ba ya daɗewa. Nan ne rigimarsa ta farko za ta taso, domin a garin da wuta ke wuya, kowa na son ya sa cajin wayarsa a makaranta, kuma ba ƙaramin aiki ba ne yaro ya ce wa malaminsa ko wani dattijo ya yi haƙuri.

Daga nan sai matsalolin cikin na'ura. Malamai na yawo da takardun jarrabawa a 'yan makullan USB daga shagon buga takardu zuwa makaranta, tare da ƙwayoyin cutar kwamfuta da suka kwaso. Mai koyo zai iya share su, ya sake ɗora Windows, ya kwafe makin ɗalibai a wuri biyu kafin lokacin BEPC. Akwai kuma wani ɗan aiki da ake rainawa: allon rubutun da ake samu a Nijar na Faransanci ne, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kansa. Tunda kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wanda ya iya saita waɗannan haruffa ya riga ya yi wa makarantarsa amfani.

Wuta ita ce uwar matsala. Malbaza, maƙwabciyar Ƙonni, ita ke da tashar sola ta farko a ƙasar, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018. Duk da haka, kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. Da aka katse layin a Agustan shekarar, aka kuma rufe iyakar Ƙonni da Illela ta Sakkwato har zuwa Maris 2024, masu gyaran da suka dogara da kayan Sakkwato da Kano sun ji a jikinsu. Mai gyaran da ya iya ciro lafiyayyen ɓangare daga matacciyar kwamfuta ya tada wata, shi ya ci kasuwa.

Wurin koyo bai gagara ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin horon masu koyo a hannun gwanaye, ga kuma rumfunan gyaran waya na Ƙonni inda yara ke koya da ido da hannu. Mai takardar bakaloriya na iya wucewa Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua.

Inda gizo ke saƙar shi ne biya. A ƙasar da aka ƙiyasta tana da azuzuwan zana kusan 36,000, da wuya darakta ya sa albashin mai gyara gaba da benci da alli. Kwamitin iyaye da malamai na COGES ɗan abin da yake tarawa bai taka kara ya karya ba, ƙananan hukumomi kuma suna hannun kantomomi tun da aka rusa majalisunsu a Afrilun 2024. Mafita mafi kusa ita ce makarantu uku ko huɗu su haɗa kuɗin mai da ɗan alawus, mai koyo ɗaya ya riƙa zagaya su a kan babur, da littafin da yake rubuta abin da ya lalace da ranar da ya gyara. Idan ba a yi hakan ba, ranar da hannunsa ya faɗa zai ɗauki jakarsa ya nufi tashar Ƙonni, inda canza gilashin waya ɗaya ke ba shi kuɗi a take.