Sai da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Tana aji biyu na sakandare aka cire ta aka yi mata aure. Shekara shida ta yi a ɗakin, ta dawo gida da takardar saki da 'ya'ya biyu. Sunanta ya shiga cikin masu karɓar tallafin nan na naira 5,000 a wata da gwamnatin tarayya ta soma a 2016, ta haɗa da suyar awara a ƙofar gida, ana dai rufa wa kai asiri.

Wata rana na dawo na tarar da ita riƙe da littafina na farko, tana bin layi da yatsa, tana haɗa baƙi da kyar. Ta ɗago ido cike da ƙwalla ta ce, "Ke ƙanwata ce ta rubuta, ni kuwa karantawa ma na neman gagara ta." Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Washegari muka je ta yi rajista a wata makarantar matan aure. Ba a karɓi ko sisi ba. To amma ina! Mako bakwai kacal ta yi ta daina zuwa. Da Inna ta tambaye ta, sai cewa ta yi, "Inna, in na tafi aji wa zai soya awarar? Kuɗin Adaidaita zuwa da dawowa fa? Yaran su ci alli?"

Jama'a, a nan gizo ke saƙar. Kullum ana ce mana gemu ba ya hana ilmi, kuma gaskiya ne. Ƙofa ma a buɗe take, don tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano. Antinmu Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta shiga makarantar manya, ga shi ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987 da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Sai dai ga bazawara mai 'ya'ya, tsadar karatu ba kuɗin makaranta ba ne. Cinikin safiyar nan da za ta rasa shi ne tsadar. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da mace a gida.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A ƙasar Ailan ta Turai, wanda ke karɓar tallafin rashin aiki ko na rainon 'ya'ya shi kaɗai, idan ya cika sharuɗɗa ya koma karatu, ana ci gaba da biyan sa har yana aji. Sun gane cewa mai yunwa ba ya jin karatun malam.

Mu ma an fara taɓawa. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE a jihohi bakwai, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. A cikinsa akwai ba iyalai marasa ƙarfi kuɗi bisa sharaɗin 'yarsu ta riƙa zuwa sakandare. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700, aka sako har da waɗanda suka bar makaranta da masu aure. Roƙona ga hukuma shi ne a tuna da irin su yayata, a ba su abin da zai maye cinikin da suka bari.

Mu dai ba mu zauna jira ba. Inna ta karɓi suyar safe, ni na ɗauki kuɗin mota daga cinikin littattafaina, kawunmu ya ɗauki sabulu da littattafai. Yaya ta koma aji. Jiya-jiyan nan na ji tana gyara wa ɗanta jinga, har da yi masa tsawa!

Ke da ke makaranta yanzu, ki riƙe ta da hannu biyu, fita sauƙi ne, komawa ce aiki. Ke kuma da ke da yaya ko maƙwabciya mai son komawa, kada ki tsaya ga "Allah ya taimaka". Riƙe mata yaro, ko ki tsare mata kasko na awa uku.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.