Gobara a gidajen gajiyayyu: Nauyin da ke wuyan ƙananan hukumomi

Da tsakar daren 20 ga Mayun 1980, gobara ta tashi a gidan gajiyayyu na Eventide da ke Kinston, babban birnin ƙasar Jamaika. Ɓangaren da wutar ta kama tsohon bene ne na katako, wanda mata tsofaffi fiye da 200 ke kwana a ciki. Wasunsu makafi ne, wasu ko tashi zaune ba sa iyawa sai an kama su. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ginin ya rufta. Mata fiye da 140 suka rasu, aka binne mafi yawansu a kabari guda a filin tunawa da gwarazan ƙasar, gwamnatin Firaminista Michael Manley kuma ta ware ranar zaman makoki.

An yi ta muhawara kan musabbabin wutar. Wasu sun zargi masu cinna wuta da gangan, domin shekarar ta zaɓe ce mai cike da tarzoma. Wasu sun ɗora laifin kan wayoyin lantarki. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne halin da ginin yake ciki. Gidan na hukuma ne, an buɗe shi tun 1870, katakonsa ya bushe ƙayau, kuma an cusa mutane a ciki fiye da kima. A Jamaika, dokar tallafa wa matalauta ta 1886 ta ɗora kula da irin waɗannan gidaje a kan majalisun yankuna, wato takwarorin ƙananan hukumomin Najeriya.

Abin da ya sa gidan tsofaffi ya bambanta

Idan wuta ta tashi a kasuwa ko ofis, abu na farko da ake sa rai shi ne kowa ya yi ta kansa. A gidan gajiyayyu wannan lissafi ba ya aiki. Mai shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar mutum ɗaya ko biyu su ɗauke shi. Wanda ruɗewar tsufa ta kama yana iya jin ƙararrawa ya ƙi fita, ko ya ɓuya a bayan ƙofa. Mai nauyin ji kuwa ba zai ma san ana wani abu ba. Ga shi kuma hayaƙi ne ke kashe yawancin waɗanda gobara ta rutsa da su, kafin harshen wuta ya iso gare su, kuma yakan cika ɗaki cikin 'yan mintoci.

Saboda haka ran mazaunin irin wannan gida ya dogara ne da abin da aka yi tun kafin ranar: lafiyar wayoyin lantarki, ƙofar da ke tare hayaƙi, hanyar fita da ba a garƙame ba, da yawan ma'aikatan da ke kwana a wurin. Duk waɗannan ayyuka ne na kulawar yau da kullum da binciken hukuma.

Bincike ba tare da tilastawa ba

Ranar 20 ga Maris ɗin 2007, gobara ta kashe mutum fiye da 60 a gidan tsofaffi na gwamnati da ke ƙauyen Kamyshevatskaya a yankin Krasnodar na kudancin Rasha. Masu duba gine-gine sun riga sun ziyarci gidan, sun kuma rubuta kurakuran da suka gani, amma ba a gama gyara su ba. Da wutar ta tashi, mai gadin dare bai ɗauki ƙararrawar farko da muhimmanci ba. Ƙauyen ba shi da tashar 'yan kwana-kwana, sai da motoci suka taso daga nisan kilomita kusan 50, suka iso bayan kusan awa guda.

Wannan ya nuna raunin da ke tattare da gidajen hukuma. Idan ɗan kasuwa ne ya karya ƙa'ida, ana iya cin sa tara ko a rufe masa wuri. Idan kuwa mai gidan da mai binciken duk ma'aikatan gwamnati ne, rahoton yakan ƙare a cikin fayil. Rufe gidan na nufin neman inda za a kai mazauna, gyara shi kuma na nufin kuɗin da ba a sa a kasafi ba. Sai a ɗaga maganar zuwa baɗi.

Ko a ƙasashe masu arziki lamarin bai ƙare ba. Ranar 23 ga Janairun 2014, mutum 32 sun rasu a wani gidan tsofaffi mai zaman kansa a L'Isle-Verte, ƙaramin gari a lardin Kebek na Kanada. Ginin ɓangare biyu ne. Sabon ɓangaren, mai na'urar yayyafin ruwa da ke aiki da kanta idan zafi ya yi yawa da kuma katangar tare wuta, ya tsira. Tsohon ɓangaren na katako ya ƙone ƙurmus. Ma'aikaci ɗaya tak ke aiki a daren. Jami'in da ya binciki musabbabin mutuwar, Cyrille Delâge, ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 2015, inda ya soki jinkirin da aka yi wajen neman agaji daga garuruwan maƙwabta, ya kuma ba da shawarar ƙananan garuruwa su haɗa ƙarfin rundunoninsu na kashe gobara. Lardin ya wajabta sanya na'urar yayyafin a yawancin gidajen tsofaffi, amma sai da aka yi ta ƙara wa'adi saboda tsadar aikin.

Me dokar Najeriya ta ce?

A ƙasar Hausa al'ada ta ɗora riƙon tsoho a kan 'ya'yansa da danginsa, kuma kai uwa ko uba gidan gajiyayyu abin kunya ne. Wannan ya sa waɗanda suke ƙarewa a irin waɗannan gidaje galibi su ne marasa kowa: wanda 'ya'yansa suka riga shi, wadda aka tsinta a tasha, mabaracin da ƙarfinsa ya ƙare. Ba su da ɗan da zai zo ranar Juma'a ya ga silin ya zazzago ya ɗaga murya.

Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bar su babu mai ɗaukar nauyi ba. Jadawali na Huɗu, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya sa kafawa da kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu a cikinsu. Shi ne kuma ya ba su raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba, aikin da ke taimaka wa motar kashe gobara ta gane inda ake kiranta. Sai dai jadawalin bai ambaci aikin kashe gobara ba. Wannan yana hannun Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, da kuma hukumomin jihohi, waɗanda tashoshinsu suka fi yawa a manyan birane. A aikace kuma, ma'aikatun jin daɗin jama'a na jihohi da ƙungiyoyin addini ne ke tafiyar da da yawa daga cikin gidajen. Nauyi ya rarrabu, kuma inda masu alhaki suka yi yawa, kowa yakan zaci ɗan'uwansa ya duba.

Shekara da shekaru shugabannin ƙananan hukumomi suna kukan cewa asusun haɗin gwiwa da jihohi ya hana su kataɓus. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya sake fito da tambayar abin da za su yi da kuɗin idan sun shigo hannu.

Aikin da ba ya buƙatar biliyoyi

Haɗurran da suka fi barazana a nan sanannu ne: tsofaffin wayoyi da ke yin tartsatsi idan wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, kaskon garwashi a ɗakin kwana lokacin hunturu, maganin sauro na hayaƙi kusa da katifar soso, jarkar fetur a gefen janareta, da tagogi masu ƙarafan tsaro waɗanda ba sa buɗuwa. Akwai kuma ɗabi'ar kulle ƙofa da kwaɗo da daddare don kada mai ruɗewa ya fice, mai riƙe da makullin kuma ya tafi gida.

Ƙaramar hukuma na iya fara wa da ƙidaya gidajen da ke yankinta, na gwamnati da na masu zaman kansu, har da yawan mazaunan da ba sa iya tafiya da ƙafarsu. Tana iya gayyatar jami'an kashe gobara na jiha su duba su duk shekara kafin shigowar hunturu, a karanta rahoton a zauren majalisa, a sa wa kowane gyara wa'adi da sunan jami'in da zai amsa tambaya a kansa. Ƙararrawar gano hayaƙi mai batir, tukunyar kashe gobara da wa'adinta bai ƙare ba, saukar da marasa ƙarfi zuwa ɗakunan ƙasa, da horar da ma'aikatan dare yadda ake fitar da majinyaci a kan bargo, duk ba su kai kuɗin motar ofis guda ba.

A Jamaika, sai bayan gobarar Eventide aka gina sabon gidan tsofaffi na Golden Age a Kinston, aka mayar da mazauna can. A wajen matan da aka binne a kabari guda, wannan ihu ne bayan hari. Kansilolin Najeriya da shugabanninsu suna da damar kai ziyarar duba gidajen da ke yankunansu tun kafin hunturu mai zuwa ya kama.