Injin Motar da ta Daɗe a Ajiye: A Gyara na Asali ko a Ɗora Wani?

A cikin shekarar 2014 aka buɗe wasu rumfuna a wani gida da ke yammacin ƙasar Faransa, sai aka tarar da motoci kusan sittin jere cikin ƙura da tsatsa, waɗanda wani attajiri mai harkar sufuri, Roger Baillon, ya tara da niyyar kafa gidan tarihi, amma karayar arziki ta riske shi kafin ya cika burinsa. A cikinsu akwai wata Ferrari da aka samu tsofaffin mujallu jibge a kanta, wadda da aka yi gwanjonta a birnin Faris cikin watan Fabrairu na 2015, sai da kuɗinta ya haura Yuro miliyan 16. Mai karatu zai yi mamaki, kuma yana da hujjar yin mamaki, yadda motar da ta shekara da shekaru a jibge za ta yi irin wannan daraja. To, ban da ƙarancin irinta a duniya, abin da ya ɗaga ta shi ne ba a taɓa yi mata garambawul ba.

Daga nan ne mas'alarmu ta taso. Duk wanda Allah ya hore wa irin wannan ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, ko ta hanyar gado ko ta saye, ya kuwa tarar ta yi shekara ashirin ko talatin a kulle, lalle wata rana sai bakanike ya dube shi ya ce, "Alhaji, a sauke wannan injin a gyara, ko a nemo wani a ɗora?" Ma'abota tsofaffin motoci a Ingila da Jamus da Amurka sun daɗe suna saɓani a kan amsar, kuma domin bayani ya fito sarari, bari mu ɗauki mota guda ta zame mana misali.

Motar ita ce Jaguar E-Type, wadda aka ƙera a birnin Kobantiri na ƙasar Ingila, aka fara nuna ta ga jama'a a bajekolin motoci na Janiba cikin watan Maris na 1961, kamfanin yana cewa tana gudun mil 150 a sa'a, watau kimanin kilomita 240. Injinta, wanda ake kira XK, ya girme ta, domin tun 1948 ya fito. Silinda shida gare shi a jere, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe, kansa kuwa na alminiyam, kuma da irinsa ne motocin Jaguar suka ci tseren sa'a ashirin da huɗu na Le Mans har sau biyar tsakanin 1951 da 1957. A cikin E-Type, da fari girmansa lita 3.8 ne, a 1964 aka mai da shi 4.2. An ƙera E-Type sama da 70,000, aka kai mafi yawansu Amurka, inda har yau akan tsinci wata a bayan gida, an lulluɓe ta da tamfol, mai ita ya rasu ko ya manta da ita.

To, mene ne zama wuri guda ke yi wa inji? Mutane da yawa suna zaton motar da ba a tuƙa ba hutawa take yi, alhali kuwa inji abu ne da lafiyarsa ke cikin motsi. Da zarar an kashe shi, baƙin man da ya shafe bangon silinda sai ya tsiyaye sannu a hankali ya koma ƙasa, ya bar ƙarfe tsirara. Kuma tun da yake ba yadda inji zai tsaya face wasu daga cikin bawul ɗinsa suna buɗe, sai iska mai raɓa ta bi ta salansa ko ta kabireta ta shiga, shekara bisa shekara, har tsatsa ta kama bangon, ringi ya manne a jikin fistan kamar an liƙa shi da ƙaro. Fetur ɗin da aka bari a tanki ya tsufa ya zama wani danƙo mai warin tsohon fenti, ya toshe ƙananan ƙofofin kabireta, waɗanda E-Type ta farko uku gare ta. Robobin da ke tare mai su bushe su tsage. Ruwan lagireto, idan maganin hana tsatsa da ke cikinsa ya ƙare, sai ya juya ya kama cin alminiyam ta ciki, inda ido ba ya gani. A injin XK ma, dogayen ƙusoshin da ke riƙe da kan inji sukan yi tsatsa su cije alminiyam ɗin, har bakanike ya kwana biyu ko uku yana lallashi kafin kan ya ɗagu. Ga kuma ɓera, wanda ba ya ganin wuri mai duhu da ɗumi ya ƙyale, yakan cika bututun iska da tsumma da ɓawon gyaɗa, ya gaigaye wayoyi.

Saboda haka babban kuskure, wanda nake jin zafinsa duk sa'ad da na ji an yi shi, shi ne a kawo sabon batir a ɗora, a zuba fetur, a murɗa makulli don a ji ko za ta tashi. Wani lokaci takan tashi ɗin, jama'a su yi ta murna, ba su san cewa cikin minti ɗaya busasshen ringi ya karce bangon silinda, tsatsa ta bi mai ta shiga ko'ina ba. Injin da zai warke da ɗan magani sai ga shi yana bukatar tiyata. Gwanin bakanike ba ya taɓa makulli ranar farko. Yakan kwance fulogi shida ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tsumma bisa tsarin silindarsu, ya duba bakin kowanne, domin wanda ya fito da jan tsatsa ya riga ya ba da labarin ruwa. Sa'an nan ya ɗiga mai kaɗan cikin kowane rami, ya rufe, ya tafi abinsa har kwana uku ko mako. In ya dawo sai ya sa doguwar sifana a kan babbar ƙusar gaban karanshaf, ya danna da tafin hannu a hankali, yana saurare. Idan ya ji ta motsa, ko da faɗin yatsa ne, za ka ga fuskarsa ta saki. Bayan wannan ne zai zura 'yar kyamara ta ramin fulogi ya ga bangon da idonsa, ya auna ƙarfin matsin kowace silinda, kana ya yanke hukunci. Fatawar da aka bayar kafin wannan bincike, zato ne kurum.

Idan hukunci ya faɗa kan gyara, to, aiki ne na haƙuri. A sauke injin, a warware shi ƙusa ƙusa, a wanke, a gwada bulok da kai ko akwai tsaga. Silindar da tsatsa ta ci a faɗaɗa ta da injin gogewa, sau da yawa kimanin rabin milimita, a sa fistan mai ɗan girma daidai da ita. Karanshaf a goge wuyansa, a sa metal mai kauri gwargwadon abin da aka rage. A sake sarƙoƙin tayimin da famfon mai da dukkan gasket. Akwai kuma wani sirri a karanshaf ɗin XK wanda sai wanda ya san injin: cikinsa akwai ramuka masu murfi inda dattin mai ke taruwa ya daskare, kuma wanda ya gyara kome ya manta bai buɗe su ya kwashe ba, dattin nan zai saki ya cinye masa sabon metal. Aikin yakan ɗauki watanni, kuɗinsa kuwa ba a sanin iyakarsa sai an buɗe.

Wannan jahilcin farashi shi ne hujja mafi ƙarfi ga masu cewa a sauya, kuma ba hujja ce ta rainawa ba. Mu nan mun san ta sarai, domin mai tasi a Kano ko Kaduna, idan injinsa ya buga, ba ya zaman jiran mai gogar karanshaf. Ƙofar Ruwa ko Panteka zai nufa ya ɗauko tokunbo, jibi war haka yana kan titi yana neman abincin iyali, kuma daidai ya yi, gama motarsa kayan sana'a ce. A Amurka ma an yi zamanin da masu Jaguar da yawa, saboda tsadar kayan gyara da ƙarancin wanda ya iya injin, suka riƙa cire shi suna ɗora injin Chevrolet mai silinda takwas. Sai dai injin da aka sayo na hannu shi ma rufaffen tulu ne, ba ka san irin zaman da ya yi ba, kuma sau da yawa gyaran da aka guje wa shi ake tararwa a gaba.

Amma abin da ya raba E-Type da motar haya shi ne nasaba. Kowane inji yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa ranar da aka haɗa shi, kuma hukumar da ke kula da kayan tarihin Jaguar a Ingila tana riƙe da littattafan masana'anta, tana ba mai mota takardar shaida mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da ta giya da ranar ƙira. Kamar yadda malaman hadisi ba sa sakankancewa da matani sai sun bi isnadinsa, haka masu sayen waɗannan motoci ba sa duban ƙyallin fenti sai sun tsuguna da tocila sun karanta lambar, sun gwada ta da takarda. Motar da lambobinta suka dace ta fi wadda aka sauya wa inji daraja nesa ba kusa ba, ko da ta biyun ta fi lafiya a hanya. Abin da ya burge ni ƙwarai shi ne, a 2020 da kamfanin Jaguar ya koma zuba sabon bulok na lita 3.8 saboda waɗanda nasu ya lalace, ya yarda ya buga wa mai mota tsohuwar lambarsa a kai, amma da sharaɗin ya kawo hujja, kuma a ƙara alamar tauraro a gefe don kowa ya san ba na asali ba ne. Wannan shi ne bayyana aibin kaya wanda shari'armu ta wajabta a kan mai sayarwa.

A ganina, muddin bulok bai tsage ba, kan inji kuma bai ciwu fiye da gyara ba, gyara shi ne asali, sauyawa kuwa rangwame ne na larura. Wanda larurar ta kama, sandar fistan ta ɓallo ta huda bulok, ko aljihu ya gaza, babu laifi a kansa ya nemi inji irin na motar ya ɗora, da sharaɗi biyu: ya shafe tsohon da mai ya adana shi a busasshen wuri, kada ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, kuma ranar da zai rabu da motar ya faɗa wa mai saye gaskiya.

Maganar ba ta tsaya ga Turawa ba. A gidajenmu da yawa akwai tsohuwar Marsandi, ko Fijo 504 irin waɗanda masana'antar Kaduna ta fara haɗawa a 1975, tana can ƙarƙashin dalbejiya tun rasuwar maigida, damina ta jiƙa ta, hunturu ya cika ta da ƙura. Ya kai magaji, idan ranar tayar da ita ta zo, ina roƙonka ka ajiye makullin a aljihu, ka rubuta lambar injin a takarda, ka nemo tsohon bakanike wanda ya san irinta, ka ce masa ya fara da kwance fulogi.